Haɗa kwamfutar gida da ta wurin aiki

Jama'a in shagonka ko bironka na jikin gida ne kamar yadda muke da su da yawa a nan Maradi, to wallahi kar ka wahalar da kanka, ka sayi wayar Ethernet (kebul na haɗa kwamfutoci) irin Cat5e ka soka baki ɗaya a kwamfutar gida ɗayan a ta wurin aiki, amma fa kar tsawonta ya wuce mita 100. Sai ka ba wannan kwamfutar adireshin IP (lambar da ake gane ta da ita a rezo) 192.168.1.10, waccan 192.168.1.11, ka buɗe raba fayil a Windows, shikenan ko intanet ba ka buƙata. Ni na fi yarda da waya kan Wi-Fi, katanga biyu kawai rezo ya raunana.

In kuma gida na unguwar Zariya aiki na wajen babbar kasuwa, nan dole sai intanet. Manhajojin shiga kwamfuta daga nesa irin AnyDesk ko TeamViewer sun fi sauƙi, kana zaune tsakar gida kana ganin allon waccan kana aiki. Remote Desktop, wato tsarin shiga daga nesa na cikin Windows, ma na yi, sai dai kwamfutar da za a shiga ta zama mai Windows Pro, mai Windows Home ba ta karɓa.

Matsalar ita ce dole waccan ta kwana a kunne, wuta na ɗaukewa zance ya ƙare, don haka a haɗa mata batir ko sola. Lambar sirri kuma don Allah banda 1234.