Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Aka Watse Mana Garke

Makon jiya na tsaya a inda na ajiye karatu na kama tuƙin tasi a Montreal, na kuma yi alkawarin yau zan kawo labarin aurena da Hajiya. A yi mini haƙuri, auren zai jira. Ranar Talata ina kwashe tarkace a ɗakin ajiya na ci karo da tsohuwar hulata shuɗiya mai tambarin Expos, tsohuwar ƙungiyar wasan besbol ta Montreal, ƙura ta cinye ta, tun daga ranar hankalina ya ƙi barin 1994.

Duk wanda ya san gidanmu a Birni ya san Kawu da turakunsa. Bayan kaka zai sayo 'yan raguna ramammu, mu yara mu yi ta ɗawainiyar harawa da dusa da ruwan kanwa wata da watanni. Layya na matsowa dillalai za su zo da mota su kwashe su a yi Kano da su, can a sayar ninkin abin da aka ba shi. Ban taɓa cin naman ragon da na kiwata da hannuna ba. Kawu zai tsaya a bakin zaure yana kallon ƙurar motar, ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi." Ina yaro na ɗauka wasa yake.

Wani abokin aikina ɗan Haiti ne ya fara kai ni kallon besbol, a bazarar 1992. Muka sauka jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Pie-IX, muka shiga filin nan da aka gina don wasannin Olamfik na 1976, mai hasumiya a karkace kamar wuyan raƙumin dawa. Ban fahimci komai ba. Wani na jifa, wani na riƙe da kulki yana jira, sauran sun bazu a fili kamar masu tsaron gona. Na yi la'asar a ƙarƙashin matakala, na dawo na tarar ba abin da ya canza. Abin da ya ba ni dariya, da yake kujeru da yawa ba kowa, 'yan kallo sai su riƙa buga mazaunan kujerun da ke gefensu don a ji kamar an cika. Amma mai tasi da dare ba shi da abokin hira sai rediyo, kuma da Faransanci ake sharhin. Kafin sanyi ya shigo na san sunan kowa.

Ƙungiyar talakawa ce, shi ya sa ta shiga raina. A 1994 albashin 'yan wasanta gaba ɗaya bai kai dala miliyan 20 ba, tana can kusa da ƙarshen jeri. Tana karɓar kuɗin ƙofa da dalar Kanada, tana biyan albashi da dalar Amurka, ka ga tun daga nan an ci ta a wajen canji. Abin da ta iya shi ne kiwo. Ta nemo yaro tun ba wanda ya san shi, ta raine shi a ƙananan ƙungiyoyinta har ya goge. Ga Larry Walker ɗan ƙasa, ga Marquis Grissom a tsakiyar fili, ga Moises Alou, ga John Wetteland mai rufe wasa, ga Ken Hill da ya ci wasa 16 a shekarar. Ga kuma wani siririn yaro ɗan shekara 22 da aka karɓo daga Dodgers, Pedro Martinez, in ka gan shi ka ce iska za ta ɗauke shi, amma in ya saki ƙwallo sai ƙato ya ja da baya. Mai horar da su dattijo ne, Felipe Alou, uban Moises, ba ya hayaniya. Ina kallonsa ina tuna Kawu.

Ranar 11 ga Agusta mun ci wasa 74, an ci mu 40. Babu ƙungiyar da ta kai mu a Amurka da Kanada. Atlanta mai kuɗi tana bayanmu da wasa shida. Washegari 'yan wasa suka shiga yajin aiki, saboda masu ƙungiyoyi na son a ƙayyade albashi, su kuma suka ce ba za ta saɓu ba. Muka yi ta jira. Ran 14 ga Satumba aka ce an soke gasar ƙarshe, World Series, abin da ba a yi ba tun 1904. Ina tsaye a layin tasi na ji a rediyo. Wata tsohuwa ta shigo ta faɗi inda za ta sau biyu ban ji ba.

Bari in bayyana yadda tsarin yake, don surukina, yayan Hajiya, har yau yana magana kamar ya sani alhali bai sani ba. Yaro in ya shiga babbar gasa, ƙungiyarsa na da iko da shi shekara shida. Ukun farko ana biyansa kusan mafi ƙarancin albashi. Daga nan ya sami damar kai ƙara gaban mai sasantawa, albashin ya fara hawa. Shida na cika ya zama ɗan kansa, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Ke nan talaka na da 'yan shekaru ƙalilan da ragunansa duka za su yi ƙiba a lokaci guda kafin mota ta iso. Tamu shekarar ita ce 1994, kuma ba a fili aka ƙwace mana ita ba.

Da aka janye yajin a Afrilun 1995, cikin kwana huɗu aka watse garken. Wetteland ya tafi Yankees, Hill ya tafi St. Louis, Grissom aka miƙa wa Atlanta ɗin nan da muke gaba da ita, Walker ya sa hannu a Colorado. A Oktoban shekarar ina zaune gaban talabijin Grissom ya cafe ƙwallon ƙarshe da ta ba Atlanta kofi. Shekara ta zagayo Wetteland ya zama gwarzon World Series a rigar Yankees. A 1997 Walker ya zama gwarzon gasarsu, Moises ya ɗaga kofi a Florida, Pedro ya ci kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa a hannunmu, ba a yi wata guda ba aka sayar da shi Boston, suka ba shi dala miliyan 75 na shekara shida. Kura da shan bugu. Na aika wa Kawu kaset a lokacin ina ba shi labari, aka ce ya saurara har ƙarshe ya ce wane irin wasa ne wannan da ake sayar da mutane.

Abin da ya sa hular nan ta tsaya mini a rai ba ƙwallo ba ce kawai. Kun san yaron da aka haɗa ni da shi a masallaci bayan na buɗe gareji, ba zan kama suna ba. Ya zo bai san sifana lamba goma da sha biyu ba. Na koya masa sauke giya, na koya masa jin ciwon inji da kunne kafin a jona na'ura, na biya masa kuɗin jarrabawar takardar sana'a, Hajiya na zuba masa tuwo a kwano ɗaya da Auta. Shekara biyar. Rannan da safe ya shigo da hularsa a hannu, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina neman izini." Wani babban kamfanin sayar da motoci a bakin babbar hanya ya yi masa tayin ninkin abin da nake ba shi, da inshorar haƙori da hutun shekara. Na ce Allah ya sa albarka. Da ya fita na shiga ƙarƙashin wata mota da ba abin da ke damunta na kwanta.

Surukina ya bi gari yana cewa rowata ce ta kore shi. Shi da bai taɓa biyan albashin kowa ba a rayuwarsa. Ya zo ya ga kuɗin haya da na wutar ɗumama gareji a watan Janairu tukuna.

Sai dai akwai maganar da Auta ya yi mini wadda ban amsa ba har yau. Shi ya gaji son wasan, ya fi ni sanin lissafinsa. Ya ce Tampa Bay, su ma talakawa ne, a 2008 sun ba Evan Longoria kwantiragin shekara shida kan dala miliyan 17.5 bai fi mako guda da fara wasa a babbar gasa ba. Yaro bai riga ya san darajarsa ba, yana tsoron rauni, sai ka ba shi tabbas tun da wuri ya ba ka shekarunsa. A shekarar suka kai World Series, ko da yake Philadelphia ta doke su. Auta ya ce, "Baba, da a shekara ta biyu ka yanka masa kaso a garejin, da yana nan." Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Ana iya cin kofin da ƙaramin aljihu, na gani da idona. Marlins sun doke Yankees a 2003 da albashin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nasu ba, kuma mai ƙungiyar shi ne wanda ya rabu da Expos shekara guda kafin nan. Kansas City ta ci a 2015 da yaran da ta raina. Amma a duba bayan nan. Josh Beckett da ya rufe wa Yankees baki a gidansu ya koma Boston, Miguel Cabrera ya ƙare a Detroit. Na Kansas kuwa, Eric Hosmer ya bi dala miliyan 144 zuwa San Diego, Lorenzo Cain ya tafi Milwaukee. Su dai sun ci naman ragonsu sau ɗaya kafin motar ta zo, mu ko romo ba mu sha ba.

Shekarun ƙarshe ba na son tuna su. Vladimir Guerrero, wanda ke bugu ba safar hannu, ya tafi bayan 2003, shekarar da ta biyo ya zama gwarzo a Angels. Wasu wasannin da ake ce wa na gida ma a Puerto Rico ake yin su. Ran 29 ga Satumba 2004 na ɗauki Auta a kafaɗa muka je wasan ƙarshe a Montreal, Marlins suka ci mu 9 da 1. Mutum sama da dubu 31 suka zo, waɗanda da sun riƙa zuwa tun farko wataƙila da ba a kai nan ba. Aka kwashe ƙungiyar zuwa Washington aka sauya mata suna.

A 2019 Auta ya kira ni tsakar dare yana ihu wai mun ci kofi. Na ce su wa? Max Scherzer, mai jifan Washington, shi kaɗai kwantiraginsa a lokacin dala miliyan 210 ne na shekara bakwai, abin da yake ɗauka a shekara ya fi na dukan yaranmu na 1994 a haɗe. Na ce ya bar ni in yi barci, da asuba ina da motar da zan sauke wa giya.

Layyar bana yaron nan ya aiko da cinyar rago da katan na lemo, ya ce a gaida Baba. Hajiya ta soya, na ci, ban kira shi ba tukuna. Lambarsa na nan a jikin kalandar gareji inda ya rubuta da hannunsa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, auren Hajiya, da yadda yayan nata ya so ya hana.