Abin da wayar salula take iya shaidawa a shari'ar kisan kai

Aikina a ofishin wani lauya a Yamai ya sa na saba da takardar da alƙali mai bincike yake nema daga kamfanin waya irin su Airtel, Moov ko Zamani idan an yi kisan kai. Takardar tana nuna lambar da aka kira, da lokacin kiran, da tsawonsa, da eriyar da wayar ta kama a wannan lokaci. Akwai kuma lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda take tare da wayar kanta, saboda haka wanda ya jefar da layinsa ya sa sabo a tsohuwar waya bai ɓace wa masu bincike ba. Da irin wannan shaida ake karya maganar wanda ya rantse yana Dosso a daren da wayarsa take kama eriyar unguwar mamacin.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne, takardar tana ba da labarin waya ne, ba ta san hannun da yake riƙe da ita ba. A ƙasarmu ana aron waya tsakanin maƙwabta, ana yi wa tsoho rajistar layi da katin shaidar ɗansa, ana barin waya wurin mai caji a kasuwa tun safe har la'asar. Eriya ma yanki take nunawa, kuma a karkarar Tahoua yankin eriya ɗaya yana iya haɗa ƙauyuka da dama. Wannan yana damuna ƙwarai, domin alƙaluman da suka fito daga kwamfuta suna da kwarjinin da bakin mutum ba shi da shi, har a ji nauyin yi musu tambaya. Amma a 2019 ƙasar Denmark ta sake duba shari'o'i fiye da 10,000 bayan an gano kurakurai a bayanan eriya, aka kuma saki fursunoni 32.

Na kuma koyi cewa sa'o'in farko suna da nauyi. Dangin mamaci, cikin zafin rai, sukan buɗe wayarsa su bi saƙonnin WhatsApp ɗaya bayan ɗaya, alhali kamfanin waya ba ya iya karanta waɗannan saƙonni, a cikin wayar suke, kuma taɓa su yana iya ɓata shaidar. Shi ya sa nake roƙon iyalai su miƙa ta ga 'yan sanda ko jandarma yadda suka same ta, a rubuta sunan wanda ya karɓa da lokacin karɓa, domin lauyan wanda ake tuhuma zai tambayi duk hannun da ta bi kafin ta iso gaban alƙali.