Godiya ga waɗanda suka kwana da mu a bakin tanki

Assalamu alaikum. Yau kwana tara da dawowar wuta a layinmu, sai yanzu na samu natsuwar zama in yi wannan rubutu. Na so in bi kowa har gida in gode masa baki da baki, na ma fara, amma akwai waɗanda ban san ƙofar gidansu ba. To ga shi a nan, kowa ya shaida.

Duk wanda ya taɓa shiga falona ya san tankin gilashin nan mai cin lita 300. Shekara huɗu ke nan ina kiwon murjani mai rai da kifayen teku a cikinsa, a nan Jos, kan tudun da tsayinsa ya kai mita 1,200 daga teku. Gishirin daga Legas ake aiko mini, in haɗa giram 35 a kowace lita yadda ruwan teku yake. Halittun nan ba su san komai ba sai ruwa mai ɗumi, digiri 25 zuwa 26, wanda kullum yana motsi. Hita ke riƙe ɗumin, famfuna ke kaɗa ruwan, dukansu kuwa da wuta suke aiki.

Daren Juma'a bayan isha'i muka ji ƙara kamar taya ta fashe, unguwa ta yi duhu ɗif. Taransifoma ce ta ƙone. Ga shi tsakiyar Janairu, muku-mukun sanyi, lokacin da ruwan alwalar asuba sai an ɗumama. Da farko ban damu ba tunda akwai inbata. Kuskurena shi ne na bar hita mai wat 300 a kanta, ta zuƙe batir tas kafin ƙarfe uku na dare. Famfo kaɗai ya kamata in bari, in nemi ɗumi ta wata hanya, domin rashin iska ya fi sanyi saurin kisa. Dama ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba, kuma da zarar ya tsaya, kifi na shaƙa, murjani na shaƙa, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin duwatsun su ma suna shaƙa. Na fita tayar da janareta, na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami, ko tari bai yi ba.

Godiyata ta farko ga uwargida. Ta fito da tocila ta haska gilashin, muka ga kifayen nan biyu masu ruwan lemo da farin zane sun taso sama suna buɗe baki da sauri. Ba ta tsaya tambayar laifin wane ne ba. Cewa ta yi, "Baban yara, nuna mini abin da zan yi." Na nuna mata: a ɗebi ruwan tankin da moɗa, a ɗaga hannu sama, a tsiyayo shi har ya yi kumfa, haka iska ke shiga. Ta shiga ɗaki ta ciro bargunan da take ajiye wa baƙi, muka kewaye tankin da kwali, muka lulluɓe shi, muka bar ƴar kafa a sama. Daga nan duk bayan minti goma sai an tsiyaya ruwa. Ni da ita da babban ɗanmu mai shekara 13 muka yi ta karɓa-karɓa. Har gobe ina ganin hannunta, ya yi fari fat don gishiri da sanyi, hannun rigar sanyinta ya jiƙe, tana gyangyaɗi tana tsiyaya.

Da asuba ma'aunin zafi ya nuna 22. Bayan an idar da salla na tsaya wurin mai shayin bakin layinmu na roƙe shi ruwan zafi. Da ya ji dalili, sai ya ɗauko tukunyarsa sukutum ya biyo ni gida, yana shirin juye ta cikin tankin. Na riƙe hannunsa na ce, "Malam, in ruwan daɗi ya shiga zai salance gishirin, zafin kuma ya ƙone su." Sai muka riƙa ɗura ruwan a gorunan roba, mu ɗaure murfi tam, mu sa su yi iyo a saman tankin. Kwana uku bawan Allahn nan yana aiko yaronsa da ruwan zafi, a gawayinsa, a lokacin da ciniki ya fi tafiya. Na miƙa masa kuɗi, ya ce in bar shi ya samu ladan. Malam, Allah ya albarkaci teburinka.

Baba, dattijon da gidansa ke kallon namu, ya ga ana ta shige da fice da goruna, ya aiko a tambaya ko lafiya. Da na je na yi masa bayani, sai ya yi shiru, can ya ce, "Murjanin da Allah ya ambata a Suratur Rahman? Ashe rai gare shi?" Na ce masa dabba ce ƙarama, tana gina ƙashin dutse, kuma dangin wanda iyayenmu mata ke sawa a wuya ne. Ya taso da sandarsa ya zo ya ɗaga bargon ya daɗe yana kallo. Shi ne ya yi wa Alhaji na bayan gidanmu magana, Alhaji kuwa ya jefo waya ta kan katanga daga janaretansa, awa biyu da safe, awa uku da dare, ga tsadar mai. Wannan wayar ce ta hana ruwan sauka ƙasa da 21.

Ina gode wa abokina mai kiwon tarwaɗa a Bukuru, wanda ya ɗauko injin hura iska mai batir ya kawo mini da kansa ranar Asabar da la'asar. Da muka ga kumfa na tashi a kusurwar tankin, a ranar uwargida ta fara barcin kirki. Haka ma ƴar'uwa mai irin wannan kiwo a Abuja, da ban taɓa ganinta ido da ido ba. Na kira ta a ruɗe, ta ce kada in ba su abinci ko ƙwaya ɗaya, domin kashin kifayen zai zama amoniya, wato guba a cikin ruwa, alhali na'urar tace ruwan ta tsaya. Kada in damu da fitila, murjani na jure duhun kwana biyu ko uku. In wuta ta dawo kuma kada in yi gaggawar mayar da ɗumin, a hankali za a hau. Duk yadda ta faɗa haka na yi.

Sai mai gyaran janareta da ya zo daga Farin Gada ranar Lahadi, ya wanke kafireto, injin ya tashi. Na ce a shigar da shi baranda saboda ɓarayi, ya ce shi kam ba da hannunsa ba, hayaƙin janareta yana da iskar da ba ta wari, tana kashe mutane cikin barci. Ya ɗaure shi da sarƙa a tsakar gida. Kifi na kira shi ya cece mini, sai ya tsare mini iyali.

An maido wuta ranar Litinin da hantsi. Mun yi asara. Murjani ɗaya mai rassa, irin Akurofora, wanda na raina tun yana kamar ɗan yatsa, namansa ya saɓule ya bar farin ƙashi. Jatan lande ɗaya ma ya mutu. Abin ya taɓa ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sauran duka suna nan, kifaye bakwai cif, kuma murjani masu laushin jiki da suka tsuke sun sake buɗewa suna kaɗawa da ruwa. Alhamdulillahi.

Allah ya saka wa kowannenku da alheri, ya jiƙan iyayenku, ya yaye muku duk abin da ya dame ku. Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini. Na sayi injin iska mai batir guda biyu, ɗaya nawa, ɗaya na aro ga duk mai buƙata a Jos. Baba kuma ya ce ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai kawo jikokinsa su ga murjani, na ce masa ƙofa a buɗe take.