Kwalkwali mai ƙaho da na saƙa wa tedi

Kan tedi, wato 'yar tsanar yara mai siffar dabba, ba kamar na jariri ba ne, don haka ma'aunin hular jarirai da duk mai saƙa ta haddace ba ya aiki a nan. Kansa faɗi gare shi, ga taushi, ga kunnuwa biyu zaune daidai inda ƙahoni ya kamata su tsaya. Wanda na yi wa kwalkwalin, irin mai ƙahon nan da ake jingina wa mayaƙan Baikin, tedin ɗan ƙanwata ne, na zagaya masa tef daga goshi zuwa ƙeya na samu santimita 30. Na raba da uku da ɗan ɗoriya, ya ba ni faɗin kusan tara da rabi. Wannan lissafin shi ne ya gaya mini inda zan daina buɗa saƙar, ba wani tsari da aka rubuta don kan wata 'yar tsanar daban ba.

Na ɗauki zaren ulu na roba mai matsakaicin kauri, ruwan toka don kwanon, wato jikin hular, mai duhu don baki, farin da ya ɗan ja ruwan madara don ƙahoni. Kwarashin kuwa mai milimita 3.5 na ɗauko, alhali takardar jikin zaren ta fi son wanda ya fi shi girma. Da gangan na yi. Rigar sanyi ake so ta yi laushi ta kwanta a jiki. Kwalkwali so ake ya tsaya da kansa ko an cire shi an ajiye, kuma saƙa ba ta tsayawa sai ta matse.

Kwanon bai ba ni wahala ba. Zoben zarge, gajeren saƙi shida a ciki, a ja a tsuke, sannan kowane zagaye a ƙara shida: 12, 18, 24, haka har 54. A hannuna ido biyu, wato saƙi biyu, ke cika santimita ɗaya, kenan 60 ne zai yi daidai da kan cif, amma na tsaya a 54 saboda kan tedi yana lotsawa, zaren roba kuma yana miƙewa. Hular da ta yi daidai cif yau, bayan yaro ya sa ya cire na mako guda za ta koma tana rufe masa ido. Abu ɗaya da na kula da shi shi ne kada ƙarin ya riƙa faɗawa wuri ɗaya a kowane zagaye. In ya jeru a kan juna, da'irar sai ta fito da kusurwa shida, kwalkwalin ya yi ƙwarya-ƙwarya. Sai na riƙa gusar da shi. Wajen kunnuwa kuwa, a zagaye na bakwai na yi sarƙa na tsallake idanu gwargwadon faɗin kunne a kowane gefe, a zagaye na gaba na hau kan sarƙar na ci gaba. Ramukan nan biyu sun yi mini aikin da ban ma sa musu rai ba, domin da zarar kunnuwan sun leƙo, su ke riƙe hular, ba ta juyawa ba ta zamewa.

Ina cikin neman hotunan da zan kwaikwaya na tarar ashe mutanen da ake jingina wa wannan hula ba su sa ta ba. Mayaƙan Baikin na arewacin Turai, waɗanda suka addabi gaɓar tekun Ingila da Faransa daga ƙarshen ƙarni na 8 zuwa na 11, ba a taɓa tono kwalkwalin yaƙinsu da ƙaho ba. Wanda ya fi shahara, na Gjermundbu, an same shi a wata gona a Norway a 1943, kwanon ƙarfe ne kawai da kariyar ido mai kama da tabarau. Masu ƙaho na gaske akwai su, guda biyu na tagulla da aka tsinta a fadamar Veksø ta Denmark a 1942, amma sun girmi Baikin nesa ba kusa ba, an ƙera su wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa. Siffar da kowa ya sani yau, dandamalin wasa ne ya yaɗa ta, musamman kayan da Carl Emil Doepler ya tsara wa wasan waƙen mai tsara kiɗa Richard Wagner a Bayreuth ta Jamus a 1876. Wannan sai ya sake mini hannu. Tunda asalinta kayan wasa ce, babu tarihin da zai hana ni lanƙwasa ƙahon yadda na ga ya yi mini kyau.

Ƙahonin su ne aikin. Kwano kowa ya iya. Amma ƙaho in an saƙa shi kai tsaye, tsinin mazurari yake fitowa, miƙaƙƙe sambal, in aka ɗinka a gefen hula sai ya yi kamar tedin ya buɗe hannu. Abin da ya fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya cusa waya a ciki ya tanƙwara. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, kayan yaro ne, zai kwana a kai, zai tauna, waya kuma ba ta jimawa take huda saƙa ta leƙo. Lanƙwasar dole ta fito daga saƙar kanta.

Ga yadda na yi. Na fara daga tsini da ido huɗu a zobe, na kai shida, daga nan ina ƙara biyu bayan kowane zagaye biyu har na kai 18. Da ƙahon ya ɗan yi tsawo, sai na raba kowane zagaye gida biyu: rabi na yi da matsakaicin saƙi, wanda ake naɗa zare a kwarashi kafin a soka, ɗaya rabin na yi da zarge kawai, wanda kusan ba ya ƙara tsawo. Gefe ɗaya na girma, ɗayan na tsaye, ba shi da zaɓi sai ya karkata wajen gajeren. Bayan irin waɗannan zagaye biyu sai na sa ɗaya na gajeren saƙi duka, don kada gefen ciki ya tattare. Zargen nan a sassauta shi sosai. In aka matse, a zagaye na gaba bakin kwarashi ba zai shiga ba, sai yatsa ya yi ja kafin a gama ido tara.

Akwai wani abu da ba a gani sai ƙaho ya kai rabi. Saƙar da ake zagayawa ba a rufe layi, idanunta ba sa hawa kan juna daidai, kowane zagaye yana ɗan gusawa gefe. Don haka in aka bi alamar farkon zagaye ido rufe, layin zargen zai tafi yana zagaye ƙahon, ƙahon ya murɗe. Ɗaya kaɗai ba zai dame ka ba, har kyau yake. Matsalar ita ce duka biyun gefe ɗaya za su murɗa, tunda hannu ɗaya ya saƙa su, in aka kafa su dama da hagu sai ɗaya ya kalli gaba ɗaya ya kalli baya. Maganin da na samu shi ne in bar alamar, in riƙa duba cikin lanƙwasar da ido, duk sanda na ga ta fara kaucewa in gusar da farkon zargen da ido ɗaya. Na biyun kuwa tare na saƙa shi da na farkon, zagaye kaɗan a wannan, kaɗan a wancan, domin hannun da ya gaji da wanda ya huta ba matsewa ɗaya suke ba.

Audugar roba na cusa, ba ta gaske ba, saboda ta gaske in ta sha wanki dunƙulewa take ta daɗe ba ta bushe ba. Kaɗan-kaɗan ake sa ta tun ƙahon yana gajere, ana turawa da gindin kwarashi. In aka jira sai an gama, tsinin zai zauna fanko ya langaɓe. Kuma kada a danna har saƙar ta buɗe fari ya leƙo, cushe mai yawa miƙar da lanƙwasar yake.

Kafin ɗinki na ƙara zagaye ɗaya a gindin kowane ƙaho, na buɗa shi sosai ya yi leɓe. Ƙaho mai siririn gindi, komai ƙarfin ɗinkinsa, zai sunkuya, domin saƙar da ke ƙarƙashinsa ce ke lotsawa. Leɓen yana raba nauyin. Na sa wa tedin hular tukuna, na kafa ƙahonin da fil ƙasa da kunnuwa kaɗan, na ja baya na duba ta gaba da ta sama, na gyara, sannan na cire na ɗinke da basilla, ina kama kowane ido. A kan tebur ba za ka gane inda ya dace ba, kan ne ke buɗa hular ya canza mata siffa. Ta ciki na liƙa ɗan ƙyalle mai kauri a ƙarƙashin kowane ƙaho na ɗinke su tare.

Bakin hular na yi da zare mai duhu, zagaye uku, a na tsakiya ina fitar da ƙulli bayan kowane ido biyar, wato dogon saƙi huɗu a ido ɗaya a haɗe kansu. Su ne suka tsaya a matsayin ƙusoshin ƙarfe. Maɓalli ko dutsen ado zai fi ƙyalli, na sani, amma abin da zai iya cirewa ya shiga bakin yaron da bai kai shekara uku ba ba shi da wuri a nan. Dalilin da ya sa ban yi igiyar haɓa ba kenan, kunnuwan sun wadatar. Na kuma ja tsiri ɗaya daga goshi zuwa ƙeya, wanda ban tabbata ya ƙara wani abu ba, in zan sake ƙila in bar shi.

Bayan wankin farko, da hannu a ruwan sanyi, kwanon ya ɗan saki amma ƙahonin suna nan yadda suke. Na shanya shi kife a kan ƙwallo mai girman kan tedin, don ya bushe da siffarsa. Wanda zan yi nan gaba na zomo ne mai dogayen kunnuwa, kuma ina tunanin barin ƙahonin fanko in zura kunnuwan a ciki su zama su ne cushen.