Ranar da raɓa ta daskare

Lahadi, ƙarshen Oktoba, Manchesta.

Daren jiya aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a nan Ingila duk ƙarshen Oktoba, to yau magariba tun wajen biyar saura kwata. Shi ya sa ina idar da sallar asuba, gari na wayewa, na nufi ɗan filin lambun da nake haya.

Tun daga ƙofa na ga abin da nake tsoro. Raɓa ta daskare, ciyawa fari fat, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Ganyen kabewa da jiya yake kore shar ya yi baƙi ya kwanta. Alayyahona ma ya tafi. Wannan ya taɓa min zuciya, don tun Afrilu nake renonsa a bakin taga, ban fitar da shi waje ba sai ƙarshen Mayu da sanyi ya saki. Na tsinke ragowar ɗanyen tumatir, zan nuna shi a ɗaki.

Amma tafarnuwa na zo shukawa. Na ɓare kawuna huɗu, na ware manyan 'ya'yan, ƙananan na miya ne. Kowanne tsininsa sama, tazarar santimita 15, na rufe da ƙasa kamar gaɓar yatsa. Dattijon da ke makwabtaka da ni ne ya fahimtar da ni bara: sai ta sha sanyi ƙasa da digiri 10 na wata ɗaya zuwa biyu kafin kanta ya rarrabu. In ba ta samu ba, dunƙule guda za ta yi kamar albasa. Ashe itacen tuffar da ke bakin shinge ma haka yake, sai ya yi barcin hunturu yake fure da kyau.

Yatsuna sun ƙage, amma raina fes.

Da yamma na kira Inna na ba ta labari. Ta ce, "Yo ai mu ma ba a damina ake shuka ta ba, sai hunturu ya kama, a fadama." Na yi shiru. Shekara nawa ina ganin fangalan tafarnuwa a garinmu cikin hazo, ban taɓa tambayar dalili ba.

Sai Yuli za a tone ta, in Allah ya kai mu. Gobe zan lulluɓe wurin da raga, don tsuntsaye na fizge ta da zarar ta tsiro.