Kafin in nuna maka talabijin, sai na tambayi gidanka

Shagona yana Sabon Gari a Kano, a layin masu kayan wuta. Idan ka shigo, bangon hannun dama duk talabijin ne a jere, daga inci 24 har zuwa 65, kuma duk abu ɗaya suke nunawa: wani hoton furanni da tsuntsaye da ruwa mai gangarowa daga dutse, wanda muka zuba a filashi. Ba zan ɓoye ba, wannan hoton tarko ne. An ɗauke shi ne musamman don ya fito da kyan gilashi, kuma babu tashar da za ta ba ka irinsa a gida. Shi ya sa idan mutum ya shigo ya nuna mafi girma ya ce, "Malam, nawa waccan?" ba na saurin faɗin kuɗi. Sai in jawo masa kujera in ce, "Alhaji, wace unguwa kake? Yaya wutarku? Ginin bulo ne ko na ƙasa? Me aka fi kallo a gidan?" Wasu har haushi suke ji, su ce sun zo sayen kaya ne, ba neman aure ba. To amma shekarun da na yi a wannan harka sun nuna mini cewa yawancin kayan da ake dawo mana da su ana faɗa, lafiyarsu ƙalau. Gidan ne bai dace da su ba.

Da gyara na fara, a hannun maigidana, zamanin talabijin masu ƙeya, waɗanda sai ƙarti biyu sun kama kafin a ɗora su a kan benci. Ina riƙe masa madubi yana duba hoto ta gaba yana murɗa abu ta baya. Wajen gasar cin kofin duniya ta 2010, wadda aka yi a Afirka ta Kudu, muka ga masu gidajen kallon ƙwallo da masu hannu da shuni sun fara rububin na bango, sai maigida ya ce mini gyaran mai ƙeya ya kusa zama tarihi, in koyi ɗaura na bango tun da wuri. Allah Ya jiƙansa, ya hango daidai. Daga ɗaurawa na shiga sayarwa, yau ina da yara uku, biyu suna fita aiki, ɗaya yana tsaron shago.

Har gobe kowa fulasma yake ce wa talabijin ta bango. Ni ma haka nake cewa idan ina ciniki, don kada a ga ina iyayi. Amma fulasma ta gaskiya an daina ƙera ta tun 2014, lokacin da Panasonic da Samsung da LG suka rufe sashen ƙera ta. Abin da ke kasuwa yanzu kusan duk LED ne, wato gilashi ne mai hoto, a bayansa an jera ƙananan fitilu suna haska shi. Wannan bambancin ba na baki ba ne kawai. Tsohuwar fulasma tana da nauyi, tana zafi, tana shan wuta kamar ba gobe. Idan ka ga an ce maka ga fulasma ta hannu babba da araha, ka tuna da injin gidanka.

Maganar girma ita ce ta fi kawo gardama. Ana auna inci ne daga kusurwa zuwa kusurwa, a karkace, kuma gilashin kaɗai, ban da baƙin da ya kewaye shi. Mai inci 32 faɗinta wajen santimita 71 ne, mai 43 wajen 95, mai 55 kuwa ta haura mita ɗaya da santimita 20. Ina da tef ɗin awo a rataye a bakin ƙofa saboda wannan. Akwai wani matashi da ya kawo mini wata da ya saya a wani wuri don in ɗaura masa, an rubuta 43 ɓaro-ɓaro a kwali, da sunan babban kamfani a goshinta. Na ɗora tef a gabansa, ba ta kai 40 ba. Na sa farce a gefen sunan, sai ga shi yana ɗagowa, ashe manna shi aka yi. Bai ce komai ba, ya zauna a kan kwalin ya yi tagumi. Araha ba ta ado. Masu wannan aikin sun ƙware, har sunan da ke fitowa idan an kunna suna iya canzawa, don haka ni abin da nake cewa shi ne a duba lambar da ke bayan talabijin a gwada ta da ta jikin kwali da ta takardar garanti, a kuma karɓi rasit mai sunan shago.

Ɗaki ciki da falo irin na sababbin ma'aurata, inda tsakanin kujera da bango bai wuce taku uku ba, 32 ko 43 ta wadatar. Wanda ya dage sai 65 a irin wannan ɗakin, zan sayar masa, kuɗinsa ne, amma zan gaya masa zai riƙa juya wuya kamar mai kallon sukuwar dawaki.

Sai tsabtar hoto, wadda nan ne aka fi yaudarar mutane, wani lokacin ma su ne ke yaudarar kansu. Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne ƙanana. Wadda aka rubuta wa HD kawai, galibi ɗigo 1366 ne a kwance da 768 a tsaye, wajen miliyan ɗaya ke nan. Full HD tana da 1920 da 1080, miliyan biyu da 'yan kai. Ita kuwa 4K, 3840 da 2160, ta haura miliyan takwas. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai talabijin kamar faranti ce, abin da aka zuba mata shi za ta miƙo maka. Idan tashar da kake kamawa hotonta mai rauni ne, babbar talabijin ba za ta gyara shi ba, sai ma ta tona masa asiri, ka ga fuskar mai karanta labarai ta dame kamar an shafa mata koko.

Wani dattijo ya taɓa sayen 55 mai 4K a wurina. Kwana biyu sai ga waya, murya a sama: "Kai yaro, abin da na gani a shagonka daban, abin da ka kawo mini daban." Na ce, "Baba, a yi haƙuri, ga ni nan zuwa." Na tarar da falo cike da jikoki. Na leƙa bayan talabijin, sai ga wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, an jona ta da tsohuwar dikodar da suke amfani da ita tun zamanin mai ƙeya. Wannan wayar ba ta ɗaukar hoto mai tsabta ko da tashar tana da shi. Na ɗauko dikoda mai HD da wayar HDMI daga jaka, na jona, na kamo tashar Makka. Da Ka'aba ta fito, har zaren zinaren rubutun da ke jikin rigarta ana gani, sai dattijon ya gyara zama ya ce, "Ikon Allah." Ya sa aka kawo mini fura. Tun daga ranar ba na barin kowa ya fita da talabijin ban tambaye shi wace dikoda ke gidansa ba.

Talabijin masu shiga intanet kuma, waɗanda samari ke so saboda YouTube da Netflix, ba ni da ja a kansu, illa in tuna wa mutum kuɗin data. Netflix da kansu sun ce kallon awa ɗaya a HD yana iya cin gigabait 3, a 4K kuma har 7. Na san gidajen da aka yi mako guda ana murna, daga nan aka koma kan dish, ana kallon Arewa24 kamar kowa.

Amma babban abin da ke kashe mana kaya shi ne wuta. An yi talabijin ɗin nan ne don wutar da ke tsaye wajen bolt 220 zuwa 240. A wasu unguwanni kuwa da magariba za ka ga ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, can cikin dare kuma a kawo ta da ƙarfin da za ta iya ƙona komai. Ɗauke wuta bai cika yin illa ba, dawowarta ce matsala. Haka lokacin da ake tayar da janareto, ko lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana shaƙewa yana sama da ƙasa. Allon wutar da ke cikin talabijin shi ne ke fara tafiya. Ina gaya wa kowa ya haɗa da sitabilaiza, ko aƙalla ɗan abin kariyar nan da ke jinkirta shigar wuta na 'yan mintuna, kuma a kashe soket kafin a tayar da inji. Mutum zai biya dubban ɗaruruwa ba tare da ya ƙifta ido ba, amma a kan kuɗin sitabilaiza sai ya ce, "Bari dai sai wani watan." Da yawansu kafin wani watan sun dawo da ita a adaidaita sahu, an lulluɓe da zanin gado. Garanti kuma ba ya ɗaukar ƙunar wuta, nan ne ake ɓatawa da mu.

Masu sola sun fi kowa kwanciyar hankali, in dai inbatar mai kyau ce. Mai inci 32 ba ta cika wuce wat 50 ba, ƙaramin batir ma yana riƙe ta. Da damina kuma ga tsawa. Mutane suna kashe soket su ɗauka sun tsira, alhali ta wayar dish take biyowa, ta ƙona dikoda, ta bi HDMI ta shiga talabijin. Idan hadari ya haɗu, a zare wayar gaba ɗaya.

Na ce ina tambayar bango, kuma da dalili. A farkon fara ɗaurawata aka kira ni wani gida a cikin gari, jeren amarya. Gida ya cika da mata, ana ta kafa labule ana shimfiɗa kafet, ƙanwar uwar amarya tana tsaye a kaina tana cewa, "Ɗan nan, yi sauri, an kusa kawo ta." Bango ya sha siminti da fenti, sumul. Na huda, na ga jar ƙasa tana zubowa maimakon farin garin bulo, na san ginin ƙasa ne aka yi wa shafe. Ya kamata in tsaya. Amma ƙuruciya da kunya suka sa na cusa fisha, 'yar robar nan da ke riƙe kusa a bango, na ɗaure ƙarfen da ake rataya talabijin a kai, na girgiza na ga kamar ya kama, na rataya, na karɓi kuɗina. Kwana tara ta yi. Ranar na goma da asuba ta taho da ɓangaren shafen gaba ɗaya, ta faɗo a kan teburin gilashi. Allah Ya kiyaye babu kowa a wurin. Ango bai zage ni ba, abin da ya fi zagi ciwo ya yi, ya ce, "Ai na ɗauka ka san aikinka." Wata huɗu ina biyan kuɗin. Yanzu idan na ga jar ƙasa a bakin abin huda, ko dai a ratsa dogon ƙarfe har bayan bango a ɗaure da faranti, ko a kafa katako mai kauri, ko a ajiye ta a kan teburi. Ko bulo ne ma, sai na ƙwanƙwasa na ji inda ba rami. Kuma yarana sun sani, ba a ɗaura ta can sama kusa da silin kamar hoton kaka. Tsakiyar gilashin ya yi daidai da idon wanda ke zaune. A gidan da ake zama a ƙasa a kan kafet, sai a ƙara saukowa, sai dai a lura da hannun yara.

Gilashi shi ne rai. Idan ya fashe, kuɗin canza shi ya kusa na sabuwa, shi ya sa ba ma yarda a kwantar da ita a mota. A tsaye ake ɗaukarta, cikin kwalinta. Amma idan aka ce mini murya tana fita hoto babu, ba na tayar da hankali. Sai in haska tocilan a jikin gilashin, in na hango inuwar hoto tana motsi, to fitilun baya ne suka mutu, kuma ana canza su. Abin da ke saurin kashe su shi ne barin haske a ƙure, yadda muke saita shi a shago don ya ja ido. Kafin mu bar gida, muna rage shi.

Da hunturu kuma ƙura ce. Wata Hajiya mai tsabta ƙwarai ta kira ni, wai layuka sun fito a tsaye a hoton. Na tambaye ta da me take gogewa, ta ɗauko mini robar feshin goge tagogi. Ruwan yana gangarowa ne ya taru a ƙasan gilashi, inda wasu siraran wayoyi suke manne, ya ci su a hankali. Na ce, "Hajiya, tsabtarki ce ta yi mata yawa." Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, in ya zama dole a ɗan jiƙa ƙyallen, ba gilashin ba. Kuma a daina lulluɓe ta da leshi tana kunne, ta ramukan baya take numfashi. Hayaƙin turaren wuta ma yana barin danƙo a jiki, amma wannan na daina faɗa, don babu matar da za ta saurare ni.

Ciniki kuwa yana da lokutansa. Bayan girbi idan mutanen karkara sun sayar da amfani, gabanin azumi da bayan sallah lokacin bukukuwa, sai kuma duk sanda za a yi babbar gasa. Lokacin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, wanda Najeriya ta kai wasan ƙarshe, yarana ba sa dawowa sai bayan isha'i. Sai dai tun da aka bar kasuwa ta riƙa yanke darajar naira a tsakiyar 2023, farashi ya daina zama wuri ɗaya. Ka sayar da safe, ka kira dila a kasuwar Alaba da ke Legas da yamma ka ji kuɗin da ka karɓa ba zai mayar maka da irinta ba. Mutane da yawa sun koma kan na hannu da gyara, har na sake share tsohon bencin maigidana na ajiye a bayan shago.

Jiya ma wani ango ya zo da abokinsa, ya tsaya gaban 55 ya ƙi motsi. Na yi masa tambayoyina. Gidan haya ne, ɗaki ciki da falo, wuta sai dare, ƙaramin inji yake da shi. Na ce ya ɗauki 43, ya sa ragowar a sitabilaiza da dikoda mai HD. Ya dubi abokin, abokin ya ce, "Ai dangin amarya za su gani." Suka ɗauki 55 ɗin, ba sitabilaiza. Na rubuta rasit, na sa lambar wayata a baya, na ce wa yaro ya tafi da tef da dogayen fisha, kuma ya ƙwanƙwasa bangon kafin ya huda.