Bakano a Injamena da zaman sulhun da bai taɓa ji ba

Watana huɗu da sauka Injamena, babban birnin Chadi, aka yi mini tambayar da har yau in na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina. Bayan la'asar ne, ana shan shayi a gindin darbejiyar ƙofar gidan da nake haya. Wani dattijo Bahaushe, haifaffen garin nan, ya miƙo mini kofi ya ce, "Ɗana, an ce kai Bakano ne. Ba ni labarin zaman sulhun da aka yi mana a garinku a 1979. Mu a rediyo kawai muka ji, muna kwance a ƙasa harsashi na ratsa kwanon rufi." Na ce, "Baba, wane zama ke nan?" Ya dube ni na ɗan lokaci, bai ce uffan ba, ya mayar da butarsa kan gawayi.

Abin ya yi mini ciwo saboda a gida ni ake tambaya. Tun ina yaro nake manne da rediyo, na san manyan biranen Turai, na san jerin shugabannin Amurka, na san yadda aka gama yaƙin duniya na biyu. A makaranta an haddace mana Lugga da Mango Fak. Amma ƙasar da muke shan ruwan tafki ɗaya da ita, wadda shugabanninta suka zo har Kano suka sa hannu a takarda, ko layi ɗaya ba a karanta mana ba. Wannan gorin nake riƙe da shi a kan karatunmu, kuma shi ya sa na zauna na bi zancen tiryan-tiryan, don kada wani ɗan'uwa ya zo ya yi shirun da na yi.

Chadi ta karɓi mulkin kai daga Faransa ranar 11 ga Agusta 1960, kwana takwas bayan Nijar, kafin Najeriya da kusan wata biyu. Shugaban farko, Faransuwa Tombalbaye, mutumin kudu ne, ƙasar Sara mai noman auduga, inda boko ya fara kafuwa. Arewa da gabas, ƙasar makiyaya da tsofaffin daulolin Kanem da Bagirmi da Wadai, sai suka ga ma'aikatan da ake turo musu baƙi ne, haraji kuma ya yi nauyi. A 1965 talakawan Mangalme suka tayar wa masu karɓar haraji. A 1966 aka kafa ƙungiyar tawaye ta Frolinat a garin Nyala na Sudan, Ibrahim Abacha ne jagoranta na farko, kuma ba shi da wata alaƙa da namu Abachan. Sojoji suka kashe Tombalbaye a Afrilun 1975, Janar Feliks Malum ya hau. Shi ma ɗan kudu ne, don haka a Agustan 1978 ya jawo ɗaya daga cikin madugan tawayen arewa, Hisen Habre, ya ba shi firaminista.

A nan aka yi kuskuren da ya haifi komai. An haɗa gwamnati, ba a haɗa sojoji ba. Malum na da rundunarsa, Habre na da tasa, duk a gari ɗaya, kowa da bindigarsa da barikinsa. Ranar 12 ga Fabrairu 1979 rikici ya tashi a makarantar sakandaren Feliks Ebuwe, kafin yamma gari ya kama da wuta. Mutanen kudu suka kwashe iyalansu suka nufi Mundu da Sar, unguwanni suka rabu, kuma inuwar wannan rabuwar tana nan a tsarin garin har yanzu ga mai ido.

Sai Najeriya, lokacin mulkin Janar Obasanjo, ta kira su Kano. Ranar 16 ga Maris 1979 aka sa hannu. Ɓangare huɗu ne: gwamnatin Malum, mutanen Habre, mutanen Gukuni Weddei ɗan sarkin Tubawan Tibesti, da wata ƙaramar ƙungiya ta yankin tafki. An yarda a tsagaita wuta, Malum da Habre su sauka, a fitar da mayaƙa daga babban birni, Najeriya ta turo sojan sa-ido. Malum ya cika alkawari, ya sauka, ya yi zaman gudun hijira a Najeriya sama da shekara ashirin. Sauran sharuɗɗan kuwa ba su je ko'ina ba, kuma dalilin a fili yake: akwai ƙungiyoyin da ba a gayyata ba, wasunsu Libiya ke riƙe da su, kuma wanda ba a ba shi kujera a tebur ba ba ya ajiye bindiga. Aka koma Kano karo na biyu a watan Afrilu don a shigo da su, Gukuni da Habre suka ƙi raba abin da ke hannunsu, zama ya watse. Sai a Legas, a watan Agusta, aka tara ɓangare goma sha ɗaya, Gukuni ya zama shugaba, Habre ministan tsaro. Aka sake maimaita kuskuren farko, kowa da rundunarsa. Maris 1980 aka koma ruwa, wata tara ana ɓarin wuta a cikin gari, har sai da tankokin Gaddafi suka shigo a Disamba suka kori Habre. Daga baya ƙungiyar haɗin kan Afirka ta turo dakaru ƙarƙashin wani janar ɗan Najeriya, Geoffrey Ejiga, amma ba su hana Habre dawowa ya karɓe birnin ranar 7 ga Yuni 1982 ba. Shi kuma Idris Debi ya kore shi a Disamban 1990, ya riƙe ƙasar har rasuwarsa a Afrilun 2021.

A wannan wata tara na 1980 mutanen garin suka tsallake kogi zuwa Kusiri ta Kamaru, dubbai a kan dubbai, a kwalekwale. Gadar Ngeli da muke hawa yau a kan kogin Logon ba a yi ta ba sai tsakiyar shekarun 1980. Idan ka tsaya bakin Shari da yamma kana hango fitilun Kusiri kamar ka miƙa hannu. Dattijon nan a can ya binne 'yarsa ta fari. Wannan sai bayan shekara guda maƙwabta suka gaya mini, kuma a ranar na gane irin shirun da ya yi.

Kusirin nan ita ce ta biyu a abin da na jahilta, kuma ita ta fi kusa da mu. Duk wanda ya biyo mota daga Kano, ya yi wajen kilomita 600 zuwa Maiduguri, ya ratsa Dikwa, ya tsallaka Gamborun Ngala zuwa Fotokol, ya gangaro Kusiri, to sawun Rabe ya biyo daga fadarsa zuwa inda ya faɗi. Rabe ɗan ƙasar Sudan ne, ya taso a rundunar Zubairu, wani babban mai fataucin bayi, ya ci Bagirmi, ya shiga Borno a 1893, ya ƙone Kukawa, ya kafa gari a Dikwa, gininsa na nan har yau. Yana da suruki daga gidan Sakkwato: Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya zauna a Balda kusa da Marwa, ya auri 'yar Rabe Hauwa, daga baya suka ɓata aka kashe shi. Faransawa kuwa ta hanya uku suka nufo tafki. Ayari ɗaya ya keto hamada daga Aljeriya tare da Kwamanda Lami, ɗaya ya hauro daga Kwango tare da Janti, na uku shi ne wanda ya ratsa ƙasar Hausa yana ƙona garuruwa a 1899, ya kara da Sarauniya a Lugu, ya karɓi Damagaram. Ranar 22 ga Afrilu 1900 suka haɗu suka auka wa Rabe a Kusiri. Rabe ya mutu, Lami ma ya mutu a ranar. Janti ya tsallako wannan gaɓar ya kafa sansani ya sa masa sunan mamacin, Fort-Lamy. Sunan ya zauna shekara 73, sai a 1973 Tombalbaye ya maido da sunan wani ƙauyen Larabawa da ke wurin, Injamena, wato wurin hutawa.

Ina jin alfahari in na bi wannan zaren, domin duk inda na ja sai na taɓa gida. Hausawan garin nan ba jiya suka zo ba. Hanyar alhazan ƙafa ta nan ta bi, zuwa Abeshe, zuwa Adare, a shiga Darfur, a yi shekaru ana noma da ƙira da wanzanci a hanya kafin a ga teku. Waɗanda guzuri ya ƙare musu suka zauna, ga jikokinsu nan a kasuwar hatsi da babbar kasuwa, Hausarsu gauraye da Larabcin Chadi, suna ce wa zoɓo karkanji, suna ce wa tuwo esh. Hukumar kula da tafkin Chadi, wadda Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suka kafa a 1964, a nan hedikwatarta take.

Sanin wannan yana da amfani na zahiri, ba don hira kawai ba. Da shi za ka gane me ya sa katin ECOWAS ba ya aiki a nan, domin Chadi da Kamaru na cikin ƙungiyar tsakiyar Afirka ne, fasfo da katin rigakafin shawara ake tambaya. Da shi za ka gane me ya sa sefar Nijar ba ta sayen ko goro a kasuwa, ko da yake darajarsu ɗaya, bankin da ya buga su daban ne. Kuma lissafin kasuwa da riyal ake yi, riyal ɗaya sefa 5, don haka in mai kaya ta ce miya, 500 take nufi, in ta ce alif, 5,000. Ɗan Nijar da ya saba da dala nan da nan yake ganewa, ɗan Najeriya kuwa sai ya yi asara sau biyu ko uku.

Inda ya fi muhimmanci shi ne majalisa. Baƙo ba ya fara furta ra'ayi a kan Habre. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe a zamaninsa, kotu a Dakar ta ɗaure shi rai da rai a 2016, ya mutu a can a 2021. Ba ka san wanda uban nasa ya shiga kurkukun 'yan sandan ciki bai fito ba, ba ka kuma san wanda uban nasa ke riƙe da makulli ba, kuma wataƙila tabarma ɗaya suke zaune. Haka Rabe: a wurin Babarbare mai ƙona gari ne, a wurin wasu a nan namiji ne da ya tsaya wa Nasara har ya mutu. Kada kuma ɗan Najeriya ya ɗauko zancen karon da aka yi kan tsibiran tafki a 1983, lokacin da Buhari ke riƙe da rundunar Jos, yana murmushi. Akwai waɗanda suka rasa nasu a wannan ruwan. Ka saurara, ka tambayi shekara, ka sha shayinka har kofi na uku.

Duk da haka ranar Sallah ba ta da daɗi. An sauko daga idi a babban masallacin Sarki Faisal, kowa ya shige gidan danginsa, babu tambari, babu algaita, babu wanda zai ce mini mu je Ƙofar Kudu kallon hawan daushe. A irin wannan ranar tarihi ba ya ɗebe kewa. Ƙannena in na kira su sai su ce, "Yaya, wai can ba hamada ba ce zalla?" Ƙaramin har yana tambayata ko da mota ake zuwa. Ba na jin haushinsu, makaranta ɗaya muka yi. Amma na yi wa babban ɗan yayata alkawarin taswira, wadda za ta nuna masa daga Kano zuwa nan bai kai daga Kano zuwa Legas nisa ba.

Hajiya ce kawai ta ba ni mamaki. Na tambaye ta ko ta taɓa jin an yi zaman 'yan Chadi a Kano. Ta ce ita ba ta san zaman manya ba, amma ta san shekarar da matan Chadi suka cika unguwa, lokacin tana goyon Yaya Babba. Akwai wata mai lafaya shuɗiya da ta kama ɗaki a zauren maƙwabta da 'ya'ya uku, ba ta jin Hausa, tana haɗa turaren wuta tana sayarwa, kuma ita ta fara koya wa matan gidanmu dilka. Ta ce kullum da magariba matar nan sai ta fito da ƙaramar rediyo ta kara a kunne tana kuka, su kuma ba su san me ake faɗa ba, sai dai su kai mata tuwo. Bayan shekara biyu ta kwashe yaranta ta tafi, ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Sannan ta ce ashe ban san ƙanen kakanmu ya tafi hajji a ƙafa ba, saƙonsa na ƙarshe daga wani gari ya zo da tsofaffi ke kira Farlami, daga nan shiru. Na ce, "Hajiya, ai garin da nake ciki ke nan." Ta yi salati. Ta ce in tambayi dattawan unguwa ko akwai zuriyar wani mai ɗinkin hula daga Kano, mai tsagar gado uku a kunci, in kuma zan aiko da saƙo in haɗo mata da turaren nan na icce, irin wanda matar can take yi, don na kasuwar Kurmi bai kama ƙafarsa ba.